Haɗa hanyoyi a kaunsilin ɗin yara, ilimi ne ko kame-kame?

Wata malama ce ta turo tambaya, tace ta gama karatun gaidans da kaunsilin an bata ɗan ofis a wata firamare, to a jami'a an koya musu hanyoyi kala-kala, ta Carl Rogers ta sauraron mutum da barinsa ya ja gaba daban, ta gyaran tunani da hali wadda ake cewa CBT daban, ta wasa daban, kowane lakcara yana kambama tasa. Yanzu ga yara ana ta turo mata ta rasa wacce zata kama, kuma taji waɗanda suka rigata a aikin suna cewa su haɗawa suke yi. Shine take tambaya wai haɗawar nan ilimi ce ko dai mafakar wanda bai iya ko ɗaya ba ce, kuma su masu yin ya suke ji da ita a aikace.

Malama sannu da ƙoƙari, Allah ya dafa miki. Gaskiya duka biyun akwai su, akwai mai haɗawa da sani akwai kuma mai haɗawa don ya rasa abin yi, kuma in kika leƙo ta taga ba lallai ki bambance su ba tunda duk zaki ga yaro a ƙasa yana wasa da yashi. Ni dai haɗawa nake yi, kuma mafi yawan waɗanda na sani da suka daɗe da yara nan suka ƙare, ba wai don sun tsara hakan tun farko ba, yaran ne suke tilasta mutum. Babba shi yake kawo kansa ya zauna yace ga abinda ke damuna. Yaro kuwa kawo shi ake yi, wani lokacin ma da jan kunne, kuma abinda aka kawo shi dominsa damuwar manya ce, baya ji, yana fitsarin kwance, ya daina karatu, shi a ransa wata damuwar ce daban wadda ko sunanta bai sani ba. Ga shekaru, abinda zai yi aiki da ɗan shekara 12 in kika gwada shi da ɗan shekara 5 kallonki kawai zai yi. Ga kuma matsalar bata zuwa ita kaɗai, wanda aka kawo don faɗa a aji sai ki tarar baya barci, wanda baya barcin sai ki tarar an raba shi da uwarsa an kai shi riƙo.

Kuma kar ki ɗauka sabon yayi ne. Tun shekarun 1920 masana halayyar ɗan Adam Melanie Klein da Anna Freud suka gane yaro ba zai kwanta yayi ta zuba kamar babba ba, suka shigo da kayan wasa, duk da su biyun sun yi ta saɓani akan me wasan yake nufi. Margaret Lowenfeld a Landan ta kawo tiren yashi da ƙananan kayan wasa wajen ƙarshen shekarun nan. Virginia Axline a 1947 ta ɗauko koyarwar Carl Rogers, ta karɓar mutum yadda yake da barinsa ya ja gaba, ta shigar da ita ɗakin wasa, kinga ita kanta haɗi tayi. Kafin nan ma a 1936 Saul Rosenzweig yace hanyoyin nan da suke ta gasa da juna akwai abubuwan da suka yi tarayya a kai, kuma watakila su ne suke kawo sauƙin. A 1983 aka kafa ƙungiya sukutum ta masu nazarin yadda za'a haɗa hanyoyin.

Abinda ba'a cika faɗa muku a aji ba shine hatta hanyoyin da aka fi gwadawa da bincike akan yara, in kika buɗe cikinsu haɗi ne. Ɗauki wadda Sheila Eyberg ta tsara a shekarun 1970 a Amurka don ƙananan yara masu taurin kai, 'yan shekara 2 zuwa 7. Rabin farko uwa ce zata zauna tayi wasa da ɗanta tana bin abinda yake so, ba umarni ba tambaya ba gyara, wannan daga gidan masu jinyar wasa aka ɗauko shi. Rabi na biyu a koya mata yadda ake bada umarni guda ɗaya bayyananne da abinda zai biyo baya in anƙi, wannan kuma daga gidan masu gyaran hali. Mai kaunsilin ɗin yana bayan gilashi yana raɗa mata ta 'yar na'ura a kunne. Haka wadda Judith Cohen da Anthony Mannarino da Esther Deblinger suka tsara don yaran da suka gamu da mummunan abu, TF-CBT, sunanta CBT amma a ciki akwai koyar da iyaye, akwai kwantar da jiki, akwai zane da labari, akwai zaman uwa da ɗa tare. An gwada ta a Kwango da 'yan matan da yaƙi ya rutsa da su aka wallafa a 2013, an gwada a Lusaka ta Zambiya aka wallafa a 2015, kuma a duka biyun ba manyan likitoci ne suka yi aikin ba, mutanen gari ne aka horar aka riƙa duba aikinsu, kuma yaran sun samu sauƙi sosai.

To ina kame-kamen yake? Kin san haɗin kemis, mutum yaje yace jikina ba daɗi a haɗa min, yaron shago ya ɓallo ja biyu, fari ɗaya, kafso ɗaya ya ƙulle a leda, shi kansa bai san me ke damunka ba fatansa dai ɗaya daga ciki ya dace. Akwai masu kaunsilin haka. Yau zane saboda jiya sun gani a YouTube, gobe numfashi, jibi nasiha, in kika tambaye su me yasa yau kuka yi wannan ba wancan ba sai kiji shiru ko suce ai yaron yana so. Gwajin kenan da nake yiwa duk wanda yace min yana haɗawa, kuma nake yiwa kaina: ko wane abu kika ɗauko ki iya faɗa a jimla ɗaya wace matsala yake taɓawa a jikin wannan yaron, kuma me kike sa ran gani in yayi aiki. Arnold Lazarus, haifaffen Afirka ta Kudu, yana ganin zaka iya aro dabara daga ko ina in dai an nuna tana aiki, ba sai ka aro aƙidar masu ita ba. Stanley Messer kuma a farkon shekarun 1990 ya kawo ra'ayin da ni nafi natsuwa da shi, wato ka tsaya da ƙafarka a hanya ɗaya da ka iya sosai, sannan ka riƙa shigo da dabarun wasu cikinta a hankali kana lura da yadda suke canza zaman.

Akwai wani bincike da ya dace da tambayarki sosai. John Weisz da Bruce Chorpita sun lura masu aiki a asibitoci da makarantu basa son littafin jagora mai cewa zama na 1 kaza zama na 2 kaza, saboda yaro na gaske baya bin layi, kana tsakiyar maganin fargaba sai rigimar gida ta ɓarke. Sai suka yanka hanyoyin da aka tabbatar zuwa ƙananan kashi 33, suka sa taswirar da zata nuna maka in kaza ya taso ka koma kashi kaza sannan ka dawo kan hanya, kuma duk sati ana auna yaron. Suka gwada da yara 174 'yan shekara 7 zuwa 13 a jihohin Massachusetts da Hawaii, aka wallafa a 2012. Yaran da aka yiwa wannan tsarin sun fi saurin samun sauƙi akan waɗanda aka bi musu littafi tiryan-tiryan, sun kuma fi waɗanda aka bar mai kaunsilin yayi yadda ya saba. Su ma masu aikin sun fi gamsuwa da shi. Amma kar a zuzuta, da aka maimaita a New Zealand aka wallafa a 2020 ba'a ga wani bambanci a sauƙin yaran ba. Abinda ni na ɗauka a ciki shine sassauci yana da amfani in akwai taswira da awo, in babu su to ya koma yadda aka saba ɗin nan da aka doke a gwajin farko.

Yanzu bari in gaya miki babbar cutar masu haɗawa, wadda ba kowa zai faɗa miki ba. In an bar mutum ya zaɓa, mai daɗin yake zaɓa ya bar mai ɗacin. Wasa akwai daɗi, zane akwai daɗi, hura balan-balan don koyon numfashi akwai daɗi, yaro yana murna kema kina murna iyaye suna cewa yana son zuwa wajenki. Amma yaron da tsoro ya hana shi shiga aji, abinda yafi yi masa aiki shine a taimaka masa ya fuskanci abin tsoron kaɗan-kaɗan har jikinsa ya gane ba abinda zai faru, kuma wannan ba daɗi, zai yi kuka, zai maƙale, ke kanki zaki ji kamar muguwa. Sai mutum yayi ta ɗagawa yana cewa bai shirya ba tukuna, wata da watanni. Haka wanda ya ga abin firgici, sai an zo kan labarin abinda ya faru a hankali, shi ma mutane suna ta zagaye shi. Haka zama da uba mai zafi a gaya masa bulalar nan tana ƙara lalata abin. Duk wanda yace miki yana haɗawa ki duba ko waɗannan masu ɗacin suna cikin haɗin nasa.

Misali, an taɓa kawo min wani yaro ɗan wajen shekara tara, 'yan bindiga sun shiga unguwarsu da dare, ba'a taɓa kowa a gidansu ba amma yana ƙarƙashin gado yana jin komai. Bayan nan fitsarin kwance ya dawo, baya yarda a kashe fitila, a makaranta ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya kai wa na kusa da shi duka. Da farko ko kallona baya yi, kuma wannan ba abin mamaki bane, yaron da aka yiwa tarbiyya a gidajenmu ba zai zauna ya ƙurawa babba ido yana bada labarin zuciyarsa ba, kar ki rubuta a fayil cewa yana gudun haɗa ido kamar wata alama ce. Na ajiye masa tiren yashi da murafen lemo da kwalayen ashana da 'yan duwatsu. Sai ya riƙa jera murafen yana binne su ɗaya bayan ɗaya, ya danna da tafin hannu ya shafe wurin sumul, sannan ya kewaye da duwatsu. Ban ce masa wannan kai ne wannan mamanka ce ba, nace dai ka rufe su sosai ba mai ganinsu. Yace eh, ai in suka yi motsi za'a ji. Daga nan na san inda muke. Wannan ɓangaren na Axline ne, shi ke ja ina bi. Da ya sake da ni sai na canza salo, kuma na gaya masa zan canza, nace daga yau rabin lokacin nawa ne zamu koyi wani abu rabin naka ne kayi abinda kake so. Muka koyi numfashi, muka yi tsani da duwatsun nan daga abinda yake ɗan tsoro zuwa wanda yafi tsoro, na ƙasa zama a ɗaki da rana an turo ƙofa, na sama kwana fitila a kashe, uwar tana taya shi hawa a gida. Labarin daren kuwa da tatsuniya muka shige shi, gatanan gatananku, wani ɗan zomo a rami kuraye suna wucewa, shi yake ƙarasa min, a hankali zomon ya koma shi da bakinsa. A nan ne ya fito da abinda ke cinsa, wai shi ne yayi tari shi yasa suka tsaya a ƙofar gidansu. Wannan tunanin sai da muka zauna muka warware shi irin na CBT, kuma daga baya ya karantawa uwar labarin da kansa, bayan na shirya ta tukuna don kar ta rushe da kuka a gabansa.

Kin lura da wancan rabon lokacin? Yana daga cikin abinda masu haɗawa suka fi kokawa da shi. Wata hanyar tace ki bi yaro kar ki ja shi, wata tace ke zaki ja. In kika riƙa tsalle tsakaninsu ba sanarwa yaron sai ya rikice, jiya Anti ta barni nayi abinda naga dama yau kuma ta zama malamar aji. Ki faɗa masa kawai, yara suna gane tsari in an gaya musu.

Sai iyaye, wanda a wajenmu nan ne rabin aikin yake. Littafi zai ce uwa ta yabi ɗanta ta kira sunansa ta faɗi abinda yayi daidai. To ga uwa da ɗan fari, ko sunansa bata faɗa saboda kunya, kice ta tsaya gaban surukarta tana cewa kai na ji daɗinka? Ba zata yi ba, zata ce miki to ta tafi. Abinda ake nema a yabon shine yaro ya san an gani kuma ya san me aka gani, don haka sai mu nemo wanda bakinta zai iya, Allah yayi albarka an kwashe kwanukan nan ba'a sa ba, ko ta faɗawa kakarsa a inda zai ji. Yana aiki. Wasu gidajen basa son 'yar tsana ko zanen mutum, ba sai kin yi gardama ba, murfin kwalba da dutse da yumɓu sun isa, yaro zai mayar da komai mutum. Kuma ki tambaya waye yake kwana da yaron, waye yake bashi abinci, sau da yawa wadda ya kamata ki kira kaka ce ko yaya ko matar uba, ba wanda ya sa hannu a fom ba. Masu cewa duk wannan ilimin na Turawa ne, Mary Ainsworth da ake ta ambato akan shaƙuwar jariri da uwa a ƙauyukan kusa da Kampala ta fara lura da abin, wajen 1954, a wurin uwaye 'yan Uganda.

Maganar addu'a da ruƙiyya kuwa zata zo miki ko kin so ko baki so ba, yawanci kafin a zo wajenki an riga an je wajen malam. Ni bana faɗa da wannan, yaron da ya saba da addu'ar kwanciya barci ina sa ta cikin tsarin darensa tare da numfashin, uwar ma tafi riƙe abin da muhimmanci. Ba yau aka fara ba, Farfesa Thomas Adeoye Lambo tun 1954 a Aro ta Abeokuta ya zaunar da marasa lafiya a ƙauyuka tare da danginsu kuma yayi aiki da masu maganin gargajiya. Amma akwai iyaka kuma ki faɗe ta ƙarara: ba duka, ba ɗauri, ba turara hayaƙi a rufe yaro, ba hana abinci, ba dakatar da maganin asibiti. Kuma ba gargajiya kaɗai ke da wannan haɗarin ba, a jihar Colorado ta Amurka a shekarar 2000 wasu masu kiran kansu ƙwararru sun naɗe wata yarinya 'yar shekara 10 a bargo suka danne ta da matasai wai zasu sake haihuwarta don ta shaƙu da uwar riƙonta, numfashinta ya ɗauke ta rasu, aka ɗaure su, jihar ta haramta abin a 2001. Ba duk abinda aka kira dabara ake sawa a haɗi ba.

Yadda masu yin suke ji kuwa, in muka haɗu muna hira abu biyu ne yake fitowa. Akwai sakewa, baka jin an ɗaure maka hannu, in yaro ya shigo yau an yi rasuwa a gidansu ba sai ka ce masa ai yau darasi na biyar ne ba. Akwai kuma shakka mai cin rai, musamman shekarun farko, kullum kana tambayar kanka anya na san abinda nake yi, ga abokinka mai hanya ɗaya yana magana da tabbaci kai kana ta in'ina. Ga wahalar bayani, hedimasta ya leƙo yaga yaro yana wasa da ƙasa yace au wannan ne aikin, uba yace na biya kuɗin mota don a yi masa faɗa ne ba wasa ba. Ga tsadar koyo, kowace hanya kwas ɗinta daban kuɗinta daban. Ga gajiya, don mai bin littafi littafin ne ke yanke masa shawara, kai kuwa duk zama kai ne mai yankewa. Shi yasa wanda yake haɗawa yafi kowa buƙatar babba a aikin da zai riƙa kai masa fayil yana tambayarsa me yasa, ko ta waya ce.

Ke da kike farawa, shawarata kar ki fara da haɗawa. Ki kama guda ɗaya ki iya ta har ta zauna miki, a firamare ni zan ce ki fara da ƙwarewar zama da yaro ta wasa da sauraro, sannan ki nemi horo na gaske akan CBT ta yara, don ita ce tafi tarin hujja musamman akan fargaba. Kowane yaro ki rubuta rabin shafi kafin ki taɓa komai, me aka gani, yaushe ya fara, me ke ƙara shi, me ke rage shi, waye nasa a gida, me kike zaton yana riƙe da matsalar. Ki samu abin awo, akwai fom mai tambaya 25 da Robert Goodman ya fitar a 1997, SDQ, iyaye su cike malamin aji ya cike, ki maimaita bayan wani lokaci. In babu ma ki tambayi uwar abu uku da suka fi damunta ta basu maki daga 0 zuwa 10 duk sati. In kika yi zama shida zuwa takwas maki bai motsa ba, ki koma kan rabin shafin nan ki sake tunani, ba ki ƙaro sabuwar dabara a kai ba.

Kuma ki san waɗanda ba naki bane. Yaron da yake ɗauke wuta na 'yan daƙiƙu yana zuba ido ko yake faɗuwa, likita zai fara gani don farfaɗiya ce ake fara cirewa. Wanda baya ji a aji a duba kunnensa da idonsa kafin a kira shi mai taurin kai. Fitsarin kwancen da ya dawo bayan an daina, musamman da yawan shan ruwa ko zafin fitsari, a gwada fitsarin a asibiti. Wanda yayi maganar kashe kansa, ko kika ga alamar ana taɓa shi ko ana azabtar da shi, wannan ba sirrin da zaki riƙe bane, kuma tun zaman farko ki gaya masa da bakin da zai gane cewa maganarsa tana wajenki, sai dai in wani yana cutar da shi ko shi zai cutar da kansa, nan dole ki nemo wanda zai kare shi. Uban ma ki gaya masa tun ranar farko cewa zaki riƙa sanar da shi yadda ake ciki da abinda zai yi a gida, amma ba zaki kwashe duk abinda yaron ya faɗa ki kai masa ba, don in kika bari sai ranar da ya tambaya sannan kika faɗa, rigima ce.